Yadda ake kai tsohuwar tufa wajen telan ƙauye ta dawo abin sawa

Kawuna tela ne a wani ƙauye a ƙasar Sandamu. Keken Butterfly gare shi mai ƙafa, a cikin zaure, kuma a gindin keken nan na yi ƙuruciya ina tsince zare ina miƙa almakashi. Tun a lokacin na lura sabon ɗinki sau biyu ko uku yake zuwa a shekara: Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah, sai in biki ya taso. Sauran watannin gyara ne ke riƙe da zauren. Wando ya fashe a hantsa, riga ta yi wa yaro kaɗan, aljihu ya zube, zif ya ƙi hawa. Da waɗannan ƙananan ayyuka Kawu ya ciyar da gidansa, da su kuma magidanta da yawa suka rufa wa iyalinsu asiri.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira ta faɗi, yadi ya yi tsada, kuɗin mota ya bi sahu. Mutumin Baure ko Zango da zai shiga Daura don a rage masa ƙafar wando, kuɗin zuwa da dawowa kaɗai ya wuce ladan aikin. Ga shi kuwa akwai mai keke a bakin masallacin unguwarsu. Abin da ke hana mutane cin moriyarsa, a ganina, rashin sanin yadda ake kai aikin ne. A kwashi riga da dattinta a miƙa, a ce "a ɗan gyara", in ta dawo ba yadda ake so ba a ce telan ƙauye bai iya ba. Ga yadda na ga ana yi aikin ya yi kyau.

Fara zazzage akwati

Zaɓi rana mai haske, ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ka fito da kayan akwati har da na buhun da aka cusa ƙarƙashin gado. Kowace tufa ka ɗaga ta ta fuskanci rana. Inda yadi ya cinye za ka ga haske na ratsowa fiye da sauran jikin: kafaɗar riga, mazaunin wando, gwiwa, da tsakiyar zani. Kama wurin da manyan yatsunka ka ɗan ja a hankali. In zaren ya tsaya, yadin na da rai. In ya buɗe ba gardama, ya mutu, kuma duk allurar da ta ratsa wurin ƙara yaga shi za ta yi. Irin wannan kada ka sa a yi masa faci. Za ka biya kuɗi, bayan wanki biyu facin ya fita da naman rigar.

Ɓarnar tufa iri uku ce, kuma ya kamata ka san wadda ke hannunka. Akwai farkewa, wato zare ya tsinke a kan layin ɗinki amma yadin lafiyarsa lau. Wannan aikin minti kaɗan ne kuma ba ya barin tabo. Akwai yagewa, inda ƙusa ko ƙaya ko kara ya ja naman yadin. Ana ɗinkewa, sai dai tabon zai nuna, don haka ka duba ko a wurin da ido ke sauka ne. Sannan akwai huda: asu ko gara ko ɓera ya ci, ko tartsatsin gawayi ya faɗo daga dutsen guga. Huda sai da faci, faci kuwa sai da ƙyalle irin jikin rigar.

Daga nan ka kasa kayan kashi uku. Waɗanda za a gyara mai su ya ci gaba da sawa, waɗanda za a yanka a mayar da su wani abu, da waɗanda suka zama tsumma. Kada ka zubar da kashi na uku, akwai ranarsa.

Abu guda nake so a kiyaye a nan, domin na ga ya haddasa ɓacin rai tsakanin 'yan'uwa. In tufar ta mamaci ce, tana cikin dukiyar gado. Babbar rigar Baba ba ta zama taka don kai ne babba ko don a ɗakinka akwatin yake. Sai an raba ta faɗo hannunka, ko magada sun yafe maka, sannan almakashi ya taɓa ta.

Wanki, da rini in akwai bukata

Wanke duk abin da za ka kai, ka shanya ya bushe sarai, kada ka sa sitati. Yadi mai sitati yana sandarewa, awo ba ya zama daidai a kansa. Ƙasa da yashin da ke maƙale a kalmasar wando suna dakushe allura, suna kuma shiga cikin keken. Bayan haka akwai mutunci: mutumin nan zai riƙe wandonka a hannunsa, kusa da fuskarsa. Lalube aljihu kafin ka naɗe.

In shadda ce ta koɗe kana so a farfaɗo da ita, rini ke fara zuwa kafin ɗinki. Dalili biyu ne. Ruwan rini mai zafi yana iya sa yadin auduga ya ɗan tsuke, in an riga an rage rigar sai ta matse. Na biyu, yawancin zaren da teloli ke ɗinki da shi yanzu na roba ne, ba ya shan rini, saboda haka in aka ɗinka da farin zare sannan aka rina, layin zai fito fari fat a kan shuɗi. A rina tukuna, tela ya zaɓi zaren da ya dace da sabon launin. Rini daga haske yake tafiya zuwa duhu: fara ta koma ruwan toka ko shuɗiya, shuɗiya ta koma baƙa. Yadin roba kuwa kada ka wahalar da kanka, ba zai kama ba. Ka kuma sani aikin da ke wuyan rigar zai iya zama da launinsa na da, don haka ka zaɓi rinin da zai zauna da shi lafiya.

Juya rigar ka duba cikinta

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma ke gaya maka ko abin da kake so zai yiwu. Juya tufar ciki waje ka dubi rarar yadin da aka bari bayan layin ɗinki. Ragewa kusan kullum tana yiwuwa. Ƙarawa kuwa sai in telan farko ya bar rara.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe. Riga tana da ɗinki biyu a gefe, dama da hagu, kowanne kuma ya haɗa falle biyu, na gaba da na baya. In tela ya matsar da layin da rabin inci a kowane gefe, zagayen rigar ya canja da inci 2. In ya matsar da inci 1, ya canja da inci 4. Shi ya sa wanda ya ce "cire min inci biyu a kowane gefe" yake karɓar rigar da ba ta shiga, domin inci 8 ya sa aka cire bai sani ba. Haka nan in ka ga rarar inci 1 a ciki, kada ka raina ta. In aka saki rabinta, ka samu inci 2 a ƙirji da ciki, wanda sau da yawa shi ne duk abin da ake nema.

Sai dai a shadda, hudar allura ba ta ɓacewa gaba ɗaya, kuma yadin da ya daɗe a ɓoye ya fi na waje duhu. In an saki, za a ga siririn layi. A gefen riga, ƙarƙashin hannu, ba mai lura. A kalmasar ƙasa yakan nuna, sai a jiƙa a goge da dutse mai zafi, in ya ƙi kwanciya a bi kansa da layin ɗinki guda ya zama kamar ado.

Wurare biyu ne masu wuya. Kafaɗa, domin sai an cire hannu gaba ɗaya an sake dasa shi. Da kuma wuya, wanda ake iya faɗaɗawa amma in ya yi yawa ba ya tsukewa sai an kawo wani ƙyalle an yi masa sabon baki. In matsalarka a ɗayan biyun nan take, ka shirya biyan kuɗi fiye da na kalmasa, ka kuma nemi wanda hannunsa ya faɗa.

Wa za ka kai wa

Ba kowane mai keke ne na kowane aiki ba. Wanda ke zama a kasuwa, kamar ranar Lahadi da kasuwar Mai'aduwa ke ci, nasa aikin tsaye ne: ka sayi wandon gwanjo, ya rage maka ƙafa kana jira. Kada ka ba shi babbar riga a ranar, hankalinsa na kan layin da ke bayanka. Telan zaure ko na shago shi ne na aikin da ke son farkewa da sake yanka. Matan da ke da keke a cikin gida su ne gwanayen rigar atamfa, siket, hijabi da kayan yara. Aikin wuya na hannu kuma, irin su aska biyu, yana da mutanensa daban, sau da yawa dattawa da ke zama a inuwa da allura, kuma telan garinku ya san inda suke.

Hanyar gane hannun tela mai sauƙi ce. Ɗauki wata riga da ya gama wadda ke rataye, ka juya ta. Layin ya miƙe? Ɗinkin ƙanana ne a jere, kamar 10 zuwa 12 a inci guda, ko dogaye ne irin na mai sauri? Zaren ƙasa yana kwance ko ya yi tsumbura? Ya maimaita bakin aljihu da bakin tsaga, ko ya bar su haka? In ka gamsu, fara ba shi ƙaramin aiki. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Keken ƙafa ba ya jiran wuta, wannan babban abu ne a inda ake kwana da kwanaki ba a kawo ta ba. Amma layi miƙaƙƙe kaɗai yake yi. Wibin, wato ɗinkin da ke hana bakin yadi warwarewa, da aikin wuya na inji sai an shiga gari. Telan kirki zai gaya maka gaskiya, wani ma ya haɗa da nasa ya kai ranar da zai shiga Daura sayen zare. Inda ba wibin, yakan ninke bakin yadin sau biyu ya bi, kuma a wajen ƙarko ban ga abin da wannan ya rage ba.

Ka kuma zaɓi lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga tsakiyar azumi zuwa daren Sallah tela ba ya barci, sabon ɗinki ya rufe shi, gyaranka zai koma ƙasan tari. Kai kayan Sallah a Rajab ko farkon Sha'aban. Kayan makaranta a kai tun ana tsakiyar dogon hutu, kafin Satumba. Da damina kuwa telan ƙauye manomi ne kamar kowa, da safe yana gona, sai bayan azahar za ka same shi. Lokacin da na fi so shi ne bayan kaka, an kai amfani gida, kuɗi ya ɗan shigo, shi ma hankalinsa a kwance.

Awo da yadda za ka yi bayani

Na taɓa kai wani kaftani wani shago a cikin Katsina. Mahaifina ne ya saya min yadin, kuma ina ji da shi. Na ce a ɗan rage tsawon, na tafi. Da na dawo an yanke shi ya hau gwiwa, ƙyallen ma an share an zubar. Har yau in na tuna raina yana sosuwa. Kalmar "ɗan" ba awo ba ce. Abin da kake nufi da ita daban, abin da mai almakashi ya ji daban.

Saboda haka ka sa tufar a jikinka a gabansa, ka tsaya yadda ka saba tsayuwa, ya sa alli ko fil a inda kuka yarda. In wando ne, sa takalmin da kake sawa da shi, ka ɗaure zariya a inda ka saba ɗaurewa. Mafi sauƙi ma, ka tafi da wata tufar da ta yi maka daidai ka ce a bi ta. Maganar ba ta da tsawo:

"Salamu alaikum. Malam, sannu da aiki. Wandon nan nake so a rage, ga inda muka sa alli. Faɗin kada a taɓa."

"To, Alhaji. A yanke ko a naɗe ciki?"

Telan da ya yi maka wannan tambayar, riƙe shi. Amsar kuwa: in abin da za a rage bai wuce inci 2 ba, ko kayan yaro ne, a naɗe. In ya fi haka a yanke, amma a bar rara, a kuma ba ka ƙyallen. Faɗi abin da ba ka so a taɓa kamar yadda ka faɗi abin da kake so a yi. Sa ya rubuta a littafinsa, ko ya rubuta da alli a cikin rigar.

Ke kuma uwargida, in aike za ki yi, kada ki ɗora wa ƙaramin yaro bayani a baki, kafin ya isa ya juye shi. Haɗa masa rigar da ta yi miki daidai. In tsawo ne, auna da zare ki ƙulla a inda kike so, ki maƙala a jikin tufar. In da hali ki shiga gidan matar da ke ɗinkin da kanki da yamma ki ce, "Yaya, ga ta nan, hannu ne ya matse, jikin lafiya lau," ta gani a jikinki.

Zare da zif, in za ka iya, sayo da kanka. Gwada launin zaren a hasken rana, in ba a samu daidai ba ɗauki wanda ya ɗan fi yadin duhu, domin mai haske yana fitowa fili. Zif da inci ake sayar da shi, auna tsohon kafin ka tafi. Ka kuma tambayi allurar da ke kan keken. Lamba 14 ta shadda da atamfa ce, 16 ko 18 ta jins da kaki, 11 ta yadi mai laushi irin na hijabi. Allurar jins a kan hijabi huda za ta bari.

Ayyukan da aka fi kaiwa

Wando ya fi komai zuwa zaure. In ya fashe a hantsa, kada ka yarda a maimaita layin kawai. Ya fashe ne don wurin ya matse, in aka mayar yadda yake, ranar da ka hau babur ko ka tsuguna zai sake buɗewa. A sa masa ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a mahaɗar, ya ba shi sarari. Ƙubaka in ta cinye inda zariya ke gogawa, a farke a sa sabuwa, ko da launin ya ɗan bambanta, riga na rufe ta. Bakin ƙafa da ya tsattsage a yanke a sake kalmasa, amma ka tabbata an auna ƙafafun biyu a haɗe.

A kaftani wuya ne ke fara mutuwa saboda zufa, sai kusurwar aljihu saboda nauyin waya. Ƙyallen gyara ana samo shi daga cikin aljihun gefe, a ciro na asali a mayar da wani yadin a madadinsa tunda ba a gani. Wannan ya fi ka tafi Kantin Kwari neman irinsa, domin ko ka samu zanen, sabo ba zai yi launi ɗaya da wanda ya sha wanki ba. Shi ya sa duk lokacin da aka yi maka sabon ɗinki ka karɓi ragowar ƙyallen ka ajiye, lokaci-lokaci ka jefa shi cikin wanki tare da rigar su koɗe tare. In tsawo za a rage, a duba tsagar gefe, in ta gajarce a ƙara buɗe ta sama, in ba haka ba rigar za ta riƙe ka wajen zama.

Babbar riga ita ce taskar gida. Cikakken ɗinki, da 'yar ciki da wando, yakan ci yadi 10, kuma mafi yawansa a babbar rigar yake. Inda take lalacewa tsakiya ne: kafaɗa inda ake naɗe ta, wuya, da bakin aljihu. Faffaɗan gefunan nan biyu da ƙasan baya sau da yawa kamar sababbi suke. Daga nan ake fitar wa yaro jamfa da wando, wani lokaci har yara biyu in ƙanana ne. Ka farke ta gaba ɗaya, a goge fallayen su kwanta, ka zagaye duk tabo da huda da alli don almakashi ya kauce musu. A yanka duka fallayen ta fuska ɗaya, domin shadda tana da zane da ƙyalli, in aka juya falle guda zai fito kamar wani yadi daban. In kuma aikin wuyan na hannu ne kuma yana nan da ƙarfinsa, kada a tsaga shi. Ana yanko shi da ɗan yadi a kewaye a dasa a kan sabuwar riga. Wani ya yi makonni yana soka allura kafin ya fito da shi, kuma masu wannan hannu raguwa suke yi.

Na ga Kawu ya yi wa wani yaro maraya wannan aiki da farar rigar mahaifinsa, bayan an raba gado ta faɗo rabonsa. Ranar Sallah yaron ya bi ta ƙofar zauren zai tafi idi, dattawan da ke zaune suka gane aikin wuyan, suka yi wa mamacin addu'a. Ban manta da safiyar nan ba.

Zani in ya cinye a tsakiya inda ake zama, a raba shi biyu daidai wurin, a cire mataccen, a haɗa bakunan nan biyu masu ƙarfi su zama sabuwar tsakiya, a kalmashe gefunan. Rigar atamfa da ta matse bayan haihuwa, a saka mata falle a gefe daga ɗankwalinta ko ragowar turmin, tunda turmi yadi 6 ne, da wuya a rasa ɗan saura in an adana. A lura zanen ya fuskanci wuri ɗaya. Hijabin da fuskarsa ta saki, a kama ƙarƙashin haɓa a sa fil alhali yana jiki, sannan a bi.

Kayan makaranta da na Islamiyya tun ranar ɗinki ake shirya gyaransu. Ce wa tela ya bar kalmasa mai faɗi, ya yi ninki guda ko biyu a ƙasan riga da ƙafar wando. Duk shekara a farke ɗaya. Gwiwar wandon yaro a sa mata faci ta ciki tun ba ta huje ba.

Gwanjo mai jan jiki, irin rigar sanyi da ta ƙwallo, keken ƙafa ba ya son sa. Yana tsallake ɗinki, in kuma ka ja zaren ya tsinke. Gara a yi shi da allurar hannu.

Maganar kuɗi

A gama ta kafin ka bar wurin: nawa ne, yaushe za a karɓa. In da abin saye, ba da kafin alƙalami. Ranar karɓa ka sa ta kwana uku ko huɗu gabanin ranar da kake bukata.

Kada ka taya aikin gyara kamar kana taya tumatirin yamma. Farkewa ta fi ɗinki cin lokaci, kuma a kan tsohon yadi tela da fargaba yake aiki. In kuɗin ya yi maka yawa, tambaye shi wane layi zai farke, ka zo gida ka yi da kanka. Buɗe fallayen biyu zaren ya bayyana, ka taɓa shi da bakin reza kaɗan-kaɗan, kada ka ja. Tsince guntayen zaren, ka goge, ka kai masa. Zai rage maka da daɗin rai. Ni ma'aunina shi ne, in kuɗin gyara ya doshi rabin na sabon yadi da ɗinkinsa, sai tufar ta kasance mai daraja a wurina kafin in yi.

Akwai abin da telan garinku ke yi maka wanda na birni ba zai yi ba. Kawu ya haddace awon yawancin magidantan ƙauyen, ya san wanda kafaɗarsa ɗaya ta sauka, ya san yaron da ke saurin tsawo. Da damina yakan yi aiki a bar kuɗin sai kaka, wani ya kawo tiyar gero ko wake. Kuɗin da ka ba shi da safe, kafin magariba ya isa hannun mai kayan miya da mai nama a garin nan. Yaran da ke koyo a gabansa a kan gyara suke fara hannu, farkewa, kalmasa, dasa maɓalli, kafin a yarda su taɓa sabon yadi. In aka daina kai gyara, ba abin da za su koya a kai. Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da keke da 'ya'ya kuwa, hijabin da kika aika mata shi ne sabulu da kuɗin littafi. Saboda haka in an gama ka biya a kan lokaci, kada rigar ta yi wata uku a rataye tana shan ƙura, shi kuma yana jin nauyin tambayarka.

Ranar karɓa

Gwada a nan take. Ɗaga hannu sama, sunkuya kamar ruku'u, tsuguna, zauna zaman tahiya. Tufar da ta yi daidai a tsaye tana iya kama ka a sujada. Juya cikinta ka duba layin, ka ɗan ja shi, ka ga ba a bar zare yana reto ba. Zuge zif sau uku. In ka ga kuskure, kada ka ɗaga murya a gaban yaransa. Ja shi gefe ka ce, "Malam, dubi nan, kamar ya ɗan kama ni a hammata." Yawancinsu nan take za su farke su gyara, kuma gobe ma ƙofa a buɗe take.

Shadda in ta dawo, a sa mata sitati a kai wa masu bugu, ko a yayyafa ruwa a goge ta ta ciki. Bugu yana kwantar da sabon layi ya saje da tsohon jiki. In da dutsen gawayi za ka goge, kakkaɓe tokar nesa da kayan, ka ɗora farin ƙyalle tsakanin dutsen da rigar.

Sai ka koma kan kashi na uku da ka ajiye. Cire maɓallai da zif masu kyau ka zuba a gwangwani. Falle mai ƙarfi daga tsohon zani majanyi ne, ƙafar jins jakar littafin Islamiyya ce in aka ɗinke ƙasan aka sa mata igiya. Dogayen tsummoki a naɗe su gammo. Sauran a yayyanka ƙanana, a wanke, a shanya a rana su bushe sosai, a cusa a rigar matashi a ɗinke bakin da allurar hannu.